Dutsen Murhunki Yana Ƙarƙashin Taya

Shamsiyya,

Na kira wayarki sau huɗu, a kashe take. In kin dawo daga Malam Madori za ki tarar da murhunki saura duwatsu biyu. Ni na ɗauki ɗayan, ki yi haƙuri. Yana ƙarƙashin tayar motarmu a ƙofar gida. Don girman Allah kada ki cire shi.

Ɗazu ni da Sunusi bakanike muka cire tsohon birkin duram na baya, muka sa na faifai da na sayo inda ake yanka motoci. Sai da muka ɗaure komai muka ga wayar birkin hannu ba ta shiga. Kin kuma san giyar motar nan da kanta take fita. Na zaga unguwa ban samu ko rabin bulo ba, duk an kwashe an tare ruwa.

Na tafi neman wata wayar birkin. Ki aro kurfotin gawayi wajen maƙwabciyarmu Adila ki yi girkin.

Motar gangare take kallo, daidai dakalin da Kawu Auta yake kishingiɗa bayan azahar. Kin san kunnensa, ko ihu aka yi ba zai ji ba.

Yunusa