Gayyar da Baffa Isyaku Ya Yi wa Binciken Zaituna

Ƙarfi, ta Malumfashi,
Lahadi, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Jibril,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Bilki da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Inno ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma yi mana faɗa, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. 'Yata Firdausi ta sauka lafiya, an samu Abdulrahman. Da na ji Shitu direba zai taho da lodin masara, sai na ce bari in rubuta, don labarin ya fi ƙarfin waya, kai kuma da an yi minti biyu sai ka ce ana kiranka.

Maganar 'yarka Zaituna ce. Watan jiya ka tambaye ni me ya sa muryarta ta yi sanyi, na ce maka mura ce. Ka yafe mini, Yaya, ba mura ba ce. Ka san aikin digirinta na biyu a Zariya a kan wuta-wuta take yi, ciyawar nan da ta kore mu daga gonar marigayi Baba ta bakin rafi. Ni dai da na ɗauka ƙasa ce ta gaji. Ashe, in ji ta, saiwar dawa ce ke fitar da wani ruwa, irin wuta-wutar da ya yi shekaru kwance a ƙasa ya ji shi ya farka, ya maƙale wa saiwar yana tsotsa tun kafin a gan shi a sarari. Wata dawar kuma ba ta cika fitar da ruwan ba, sai ciyawar ta yi ta barcinta. Irin wannan dawar suke nema, wadda kuma za ta jure in ruwa ya ɗauke.

Sai ta raba gonar Baba gida goma sha biyu, kowane da turaku da igiya da lamba. Iri huɗu ta shuka, kowane sau uku: biyu daga wurin malamanta, ɗaya kaurar da kowa ke shukawa, ɗaya kuma 'yar dawar nan ta Inno da ta zo da ita daga Gozaki tun tana amarya. Dokarta ɗaya ce: a yi noma, a yi maimai, amma kada a taɓa wuta-wuta sai ta ƙirga ta a mako na goma sha biyu. In ƙirgan nan ya kuɓuce, aikin shekara ya tafi, sai ta jira wata daminar, abokan karatunta su gama su bar ta.

Ta yi wa Baffa Isyaku bayani har sau biyu, yana ta cewa Allah ya yi albarka. To, da Satumba ta kama, wuta-wuta ta cika gona da fure ja-ja, ana hango ta tun daga hanya. Ran Juma'a ana fitowa masallaci wani ya tsokani Baffa, wai ashe gidan yayansa Malam Ayuba sun bar noma sun koma lambun furanni. Ka san halin ƙanin Babanmu. Ya ce muddin yana numfashi ba za a ce gonar yayansa ta rasa maza ba, karatun boko kuma bai hana cire ciyawa. Zaituna na Zariya ta kai saiwoyi ɗakin gwaji, sai ya kira gayya ran Asabar, samari ashirin da huɗu, ga kuma mai ganga. Abin da ya fi ci mini rai, ni na dama musu kunu, na tuƙa tuwo, don na ɗauka gonarsa ta tudu za a yi.

Ran Lahadi yarinyar nan ta sauka daga babur ta tarar da gona tas kamar an share tsakar gida. Baffa na tsaye yana murmushi, yana jiran godiya. Wallahi sai ta durƙusa ta yi masa sannu da aiki, ta ce Allah ya ƙara girma. Sai da ta shigo ɗakina ta kifa kai a cinyata, kuka ya zo. Saura kwana huɗu ta yi ƙirgan. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, abinci ma ba wanda ya ci.

Da safe na yafa mayafi na tafi wurin Baffa, na gaya masa komai ba ɓoye-ɓoye. Can sai ya tambaye ni, wai ƙirga ta ake so a yi tana tsaye, ko dai a san yawanta ne kawai? Ashe da ya ga igiyoyin, da su ya raba aikin: samari biyu-biyu kowane gida, kowa ya tara abin da ya tuge a gindin turkensa, don a gane rago. Ya so ya cinna wa tarin wuta, yayyafi ya hana. Tari goma sha biyu suna nan, kowane a gaban lambarsa, ba wanda ya gauraya da wani.

Kwana biyu muka yi zaune a bakin gona, ni da Zaituna da Baffa da Inno da aka kawo a babur, muna ware su gindi-gindi kamar masu tsince shinkafa. Baffa in ya kai hamsin sai ya ajiye tsakuwa. Da ta buga wa malaminta waya, ta ce dariya ya yi har da tari, ya ce a rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, ƙirgan ya karɓu, kuma bai taɓa ganin ma'aikata masu tsari irin na Ƙarfi ba. Baffa ya sa an maimaita masa maganar nan sau uku.

Yanzu ka ji abin daɗin. Tarin kaura ya kai gwiwa, kowane ya haura ɗari huɗu. Irin malamai ya yi ƙoƙari, bai kai rabin haka ba. Na Inno kuwa, a gida ukun babu inda ya kai talatin. Kuma da ruwa ya ɗauke kwana goma sha bakwai a Agusta, ita ce ta tsaya kore shar sauran suna naɗe ganye. Zaituna ta ce kada mu yi saurin guɗa, damina ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an gwada a wasu garuruwa an kuma duba saiwar. Inno ta ce su yi ta dubawa, ita ta sani tun kafin a haifi malamin, shekara hamsin ana yi mata gorin ƙaramar zangarniya. Makon jiya malamin ya zo da kansa, ya zauna a tabarma ya nemi izininta a ba shi mudu ɗaya, za a ajiye irin da sunanta da na garinsu. Da aka karanta mata Ummukulsum Gozaki a jikin ambulan, sai ta juya kai wai hayaƙi ne ya shiga idonta. Mai haƙuri dai yakan dafa dutse.

Saura awon hatsi, in Allah ya kai mu ƙarshen Nuwamba, kowane gida a girbe shi daban. Don Allah ka nemi hutu ka zo, ka ga 'yarka tsaye da ma'auni. Baffa tun yanzu ya wasa wuƙarsa, kullum yana bakin gona yana korar awaki da masu son taimako. Ya ce shekara sittin yana gaya wa mutane yadda ake noma, amma bana ba zai taɓa zangarniya ko ɗaya ba sai jikarsa ta ce yanka.

Inno na sa maka albarka, ta ce kada ka manta man zafin nan. Baffa, Firdausi da maigidana Malam Sadiq duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Hajiya Bilki, da Mus'ab da Bushra. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Adama.