Hannun mai zana min hotuna ya fara rawa

Anti Rosalind, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya min a rai, kuma garinmu ƙarami ne, duk wanda na faɗa wa sai maganar ta koma kunnen mai ita.

Ni marubuciyar littattafan yara ce. Labaraina duk a kan wani jaki ne mai taurin kai, irin masu ɗaukar yara a bakin teku lokacin hutu. Na fara rubuta su ina koyarwa a firamare, da goyo, a kan teburin kicin. Yanzu na haura saba'in. Jakin yana nan yadda yake, ni ce na tsufa.

Tun littafin farko mutum ɗaya ce ke zana min hotuna, bari in kira ta Hilda. A layin sayen soyayyen kifi da dankali muka haɗu, na ba ta labarin jakin, nan take ta zana shi a jikin takardar da aka naɗe mata kifin, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Ni ban rubuta haka ba, ita ta ƙirƙiro, kuma yau da kunnen nan yara ke gane shi. Ita ta kwana a gidana makon da aka binne mijina. Ba ta taɓa aure ba, danginta sai ƙane ɗaya a Kanada.

To, hannunta ya fara rawa, likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Hotunan littafinmu na bara ashe kamfanin da ke buga mana littattafai sun sa wani ya gyara su a kwamfuta, ni ma sai da ya fito na lura. Watan jiya editata, yarinya sa'ar jikata, ta kira ni Landan, ta saya min shayi da kek, ta yi ta yabona har na san akwai magana. Suna son sabon littafi don bikin cikar jakin shekara arba'in, amma da sabon mai zane. Ta dafa hannuna ta ce gara Hilda ta ji daga bakina. Har jirgin ƙasa ya kawo ni gida ban iya karanta ko layi ɗaya na jarida ba.

Ga kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: ni kaina na gaji. Na gaji da zagayen makarantu cikin ruwan sama, da sa hannu a littafi har yatsuna su sage, da murmushi idan uwa ta ce da littafina aka yaye ta. Na taɓa rubuta labari na manya, aka dawo min da shi aka ce ya yi kyau, amma ina jakin? Ɗana Crispin kullum cewa yake, Mama, ki huta haka nan, me ya rage ba ki yi ba?

Amma in na ajiye alƙalami, me Hilda za ta tashi ta yi da safe? Duk Alhamis sai ta zo da jakar zanenta, tun daga ƙofa take cewa, ke raguwa, ina labarin, jakina ya gaji da jira. Alhamis ɗin da ta wuce kofin shayi ya suɓuce mata a kan zane, ta yi dariya ta ce ruwan sama ne ya sauko wa jakin. Na shiga banɗaki na yi kuka. In na yi aiki da baƙo na ci amanarta. In na daina, na raba ta da abin da ke riƙe da ita. Yaya zan yi?

Mai Jaki, daga gaɓar tekun Yorkshire

*

Mai Jaki, sannu da wannan kaya. Sai dai kin haɗa matsala biyu kin ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa suka yi miki nauyi.

Ta farko, Hilda. Kada ki ɗauka ba ta sani ba. Mai zanen da ta shekara arba'in tana aiki ta san layin da ba hannunta ya ja ba, kuma ina zargin dariyar da take yi don ta kare ki ne, kamar yadda kike shiru don ki kare ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zaunar da ita ki faɗa mata duk yadda aka yi a Landan, ki faɗa a matsayin ƙawarta, ki bar kamfani su kai saƙonsu da kansu. Su ma ba mugaye ba ne, littafi suke so ya fito da kyau, amma tura ki da suka yi ragwanci ne, kuma kina da ƙarfin da za ki gindaya sharaɗi. Kina iya cewa Hilda ce za ta zaɓi magajinta, ta duba aikinsa, sunanta ya zauna a bangon littafin. Ki bari ita ta faɗi abin da take so. Wataƙila ta ba ki mamaki.

Ta biyu, ke. Gajiyarki ba laifi ba ce, kin biya yaran ƙasar nan haƙƙinsu. Kada ki rubuta littafin da ba ya ranki don tausayin Hilda, za ta gane, kuma zai yi mata ciwo fiye da gaskiya. In da sauran labari ɗaya a cikinki, ki rubuta shi na bankwana. In babu, ki ce babu, ki soke zagayen makarantun tun yanzu.

Abin da Hilda ke tsoron rasawa ba lallai jakin ba ne, mai yiwuwa ke ce. Ki tabbatar mata ƙofarki a buɗe take, da littafi ko babu. Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ki hutun da kika daɗe da cancanta.

Anti Rosalind