Dabinon da Na Ce Kai Ka Aiko

Zuwa ga aminina Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a duk ƙasar da wannan takarda ta riske ka, don ni dai na gaji da bin sawunka. Wancan watan kana Dakar, yanzu an ce kana Maroko, da 'yar jakarka a baya, kuna kwana ku takwas a ɗaki ɗaya saboda araha.

Ni kuwa ka san ni. Daura zuwa Sandamu, zuwa Dutsi, in na yi nisa Babban Mutum. Kana yi mini tsiya wai ni kunkuru ne, mota ta tsaya kowane ƙauye a sauke gero a ɗora akuya, ni ina ta murna. Gaskiyarka, ina murna. Ina son direba ya tsaya a yi azahar a gindin tsamiya, matan kujerun baya suna ba da labarin wadda ta haihu. Kai ka ce tafiya mabuɗin ilimi, ni in ce sannu ba ta hana zuwa. Ban taɓa ganin laifinka ba. Hoton tekun nan da ka saka ma har a tasha na nuna wa mutane.

Amma na yi wani abu, kuma dole in faɗa maka.

Duk ranar kasuwar Babban Mutum nakan biya wajen Inna, mahaifiyarka. Zuwan farko bayan tafiyarka ta tambaye ni ko ka aiko da wani saƙo. Kunya ta kama ni, na miƙa mata dabinon da na saya a Daura, na ce tsarabarka ce. Shi ke nan abin ya zame mini jiki, yau shekara biyu.

Makon jiya na tarar idonta ya ƙara dushewa, sai da na yi magana ta gane ni. Ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Dabinon ne gaba ɗaya, ko ƙwaya ba ta ci ba. Ta ce tun ranar farko ta sani, don kai ka san ba ta da haƙoran dabino. Goro kake kawo mata, ka zauna ka goga mata da hannunka. Wai tana tara wannan ne a raba sadaka ranar da ka dawo. Wallahi Sule, kasa ɗaga kai na yi.

Ban ce ka bar yawo ba, ɗan'uwana. Amma ka zo ta gan ka tun idon yana gani. Motarmu ba ta sauri, tana dai kaiwa, kuma zan kama maka gidan gaba. Ka taho da goro, magoginta yana nan kan taga inda ka bar shi.

Allah Ya dawo da kai lafiya, Ya bar mata ganinta har ka iso. Amin.

Naka har kullum,
Lawal, kunkurunka