Laifina Kawai Na Ce Alhamdulillahi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsugunar da Waɗanda Aka Rushe wa Gidaje a New Bell,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hamisu, haifaffen New Bell, ina ɗinki a kasuwar Nkololoun. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ba a bar ni na wuce teburin sakatare ba, shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya gani.

Na ɗaya. Gidana yana cikin waɗanda katafila ta kwashe a bakin magudanar ruwa, damina biyu ke nan. Ɗaki uku ne, mahaifina ya gina. Ban yi wa hukuma gardama ba, don an ce akwai kuɗin da gwamnati ta ware wa duk wanda ya rasa wurin kwana. A ranar, kafin la'asar, maƙwabcinmu Alhaji Garba ya aiko aka tafi da matata Balkisu da 'ya'yana mata biyu cikin gidansa, ni kuma ya ba ni zaure. Haka muke yi a unguwar nan. Ba a barin matar aure a titi ana kallonta.

Na biyu. Kwana uku bayan haka ma'aikacinka ya zo da takarda, ya same ni a zaure, Alhaji yana zaune kusa da ni. Ya tambaye ni da Faransanci inda muke kwana, da ko muna da matsala. Ranka ya daɗe, don Allah me zan ce? Mutumin da ya rufa mini asiri yana ji, tuwonsa yana cikina, in buɗe baki in ce ba ni da wurin kwana? Na ce Alhamdulillahi, muna gidan Alhaji, lafiya lau. Ya rubuta kalma ɗaya, hébergé, wato mai masauki, ya tashi. Ashe da wannan kalmar aka fitar da ni daga dosiye, wato jerin sunayen waɗanda za a tsugunar. Ba ni kaɗai ba ne kuwa, duk magidancin da maƙwabta suka ɗauka haka ya amsa.

Na uku, kuma a nan zuciyata take ci. Ina da ɗan haya, Isiyaku, gwauro, mai sayar da takalma. Shi ba shi da kowa, sai ya kafa tanfol a kan ɓaraguzan gidana ya zauna. Ma'aikacinka ya gan shi a fili, ya rubuta shi. Yau Isiyaku yana gidan da kuka ba shi a unguwar PK 14, ɗakin bulo, kwano sabo fil, famfo a ƙofa. Saboda kangon ubana fa aka ba shi!

Da ya tare ya gayyace ni addu'a, na je. Bakina yana cewa Allah ya sanya alheri, hannuna yana shafa bango ina jin santsin siminti. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙyashi nake yi, ƙyashi mai zafi, irin wanda ban taɓa sanin ina da shi ba. Na dawo na kasa cin abinci. Isiyaku bai yi mini komai ba, mutumin kirki ne, har yanzu shi ke fara gaishe ni a kasuwa. Amma in na hango shi sai in sunkuyar da kai kan keke kamar zare ya harɗe. Na yi istigfari har na gaji. Shekarata hamsin da biyu, takardarku ta mayar da ni mahassadin ɗan hayata.

Na huɗu. Kriz ɗin nan, wato matsin tattalin arziki, ba ta bar kowa ba. Kamfanin da babban ɗan Alhaji yake aiki a Bassa ya sallame shi, zai dawo gidan ubansa da mace da yara a ƙarshen wata. Alhaji bai ce mu tashi ba, ba kuma zai faɗa ba. Amma ina da ido, kuma ɗakin da Balkisu take ciki shi ne na ɗan nasa.

Saboda haka ina roƙo a sake buɗe dosiye ga duk wanda yake raɓe a gidan wani. A haɗa ma'aikatanka da ɗan unguwa wanda ya san cewa lafiya lau gaisuwa ce. Kada kuma a sake tambayar mutum halin da yake ciki a gaban mai masaukinsa. Ban ce a karɓe na Isiyaku ba, Allah ya bar masa.

In kuwa dokarku ba ta ganin mutum sai yana titi, to na ji. Ƙarshen wata zan fito da Balkisu da 'yan matan nan mu zauna a kangonmu. Alfarma ɗaya nake nema: ka aiko a faɗa mini ranar da ma'aikacinka zai zo, don kada in ajiye matata a idon jama'a fiye da yini ɗaya. Shekara ashirin da shida da aurenmu, ko tabarma ba ta taɓa shimfiɗawa a ƙofar gida ba.

Allah ya yi maka jagora, ya rufa maka asiri, kada ya nuna wa iyalinka irin wannan rana.

Wassalam.

Hamisu Tela,
Zauren Alhaji Garba, New Bell, Douala.