Kiyashi Sun Daina Zuwa

Ikara

Zuwa ga Yayana Saminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Hafiza da yara. Yaya aiki, yaya Legas? Mu nan Alhamdulillahi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda ta hannun Shamsuddeen direban tumatir. Baba ne ya sa na yi alkawari ba zan faɗa maka komai a waya ba. To, bai ce kada in rubuta ba.

Yaya, Baba ya daina shan maganin sugarsa na asibiti. Ran kasuwar Maƙarfi ya kai rake, ya gamu da wani mai magani, irin masu lasifika a kan mota. Ya sayo jarka guda ta wani tsimi baƙi mai ɗacin tsiya, wai yana wanke suga daga jini gaba ɗaya. Mutumin ya ce masa shaidar warkewa ita ce ya riƙa duba inda yake fitsari, in kiyashi sun daina taruwa, to an rabu da ciwo. Na je gida Kudan ranar Juma'a, Baba da kansa ya ja ni makewayi ya nuna mini. Wallahi ko ƙwara ɗaya babu. Yana ta murna, har da tsokanata wai bokona bai tsinana mini komai ba.

Ni ma na so in yarda, don na gaji da ganinsa da ƙwayoyi. Amma akwai gyambo a ƙasan babban yatsan ƙafarsa ta dama, inda kututturen rake ya soke shi, kuma ya ƙi rufewa. Ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Mukarrama

Kudan

Yaya Saminu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Allah ya ƙara wa ɗanka Huzaifa sauƙin zazzaɓin.

Na ji kiran da ka yi wa Baba, ina gefe. Ka ji yadda ya wanke ka tas? Ni kuma na sha harara. Ba komai, na tare a gida yanzu, maigidana ya ba ni izini.

Yatsan ya fara baƙi, kuma yana wari. Inna tana wanke shi da ruwan tsimin safe da yamma, yadda mai maganin ya ce. Na yi roƙo, na yi kuka, Baba dai maganarsa ɗaya, kiyashi ba sa ƙarya.

Jiya muna surfe da Inna, tana ba ni labarin gida, sai take yabon kanta wai ta gama da ƙwarin gidan nan. Ashe tun da aka zuba masara a rumbu, ragowar hodar maganin ƙwarin da aka sa wa masarar ta barbaɗe ta jikin katanga har makewayi. Tana faɗa tana dariya, ko a ranta ba ta haɗa wannan da wancan ba. Yaya, taɓarya ta kusa faɗo mini a ƙafa. Innalillahi! Makon da ta barbaɗa shi ne makon da Baba ya sayo jarkar.

Na jira ta shiga maƙwabta, na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya daɗe yana kallon ƙafar, daga baya ya ce in nemo mota.

Gobe da safe za mu Zariya. Ka taya mu da addu'a, ni dai barci ya gagare ni.

Taka,
Mukarrama

Zariya

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Baba yana gaishe ka, Inna ma haka.

An auna shi, sugar ta hau sosai. Na tambayi likita ko tsimin ne ya jawo. Ya ce bai san abin da ke cikin jarkar ba balle ya yanke masa hukunci, abin da ya gani dai shi ne an bar magani kuma an bar gyambo ya daɗe. An cire babban yatsan da na kusa da shi. Sauran ƙafar kuma sai an ga hali, in baƙin ya tsaya nan shi ke nan, in ya ci gaba za su ƙara sama. Duk safiya in za a kwance bandeji sai na fita waje, ba na iya kallo. Don Allah ka nemi hutu ka zo, abin ya fi ƙarfina ni kaɗai.

Inna kuwa ta kasa gane abin da ya faru. Kowa ya zo dubiya sai ta ce masa ai magani yana ci, tunda kiyashi sun daina zuwa, wataƙila ita ce ba ta iya wankin ciwon ba. Na buɗe baki zan yi mata bayani, Baba ya dube ni, sai na fasa. Da ta fita alwala ya kira ni kusa, ya ce shi ya sayo jarka da hannunsa, shi ya ajiye ƙwayoyinsa, don haka ko ƙafar duka za ta tafi bai yarda uwarmu ta san zancen hodar nan ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ce in sanar da kai, kuma wannan karon har a rubuce ya hana a faɗa mata.

To Yaya, ka ji. In ka iso za ta tare ka da zancen kiyashin nan, ta tambaye ka ko ka gane inda aka kuskure. Ka daure ka ce mata ba ka sani ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Mukarrama