Kabarin Baffa a Gindin Ɓaure

Gombe, 4 ga Maris, 1978

Hamma Bappayo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Jos. Bayan haka, jikin Inna ya ƙi daɗi, idon ma ya tafi gaba ɗaya. Magana ɗaya ta riƙe: a mai da ita tsohuwar rugarmu, in ta cika a binne ta kusa da Baffa. Ta ce ka bi burtali daga Farin Gada, ka haye rafin da muke wanke ƙore, za ka ga ɓaure da dutse mai kama da tozo. Kabarin yana gabas da su.

Don Allah ka ajiye cinikin shanun nan ka je ka duba. Na san halinka da "sai gobe".

Ƙanwarka,
Asta

Rikkos, Jos, 20 ga Maris

Asta,

Na samu takardarki, Allah ya ba Inna sauƙi. Wannan karon ban ce sai gobe ba, ƙafata ta shaida. Burtali ya zama layin gidaje, har wani ya ɗauka fili na zo saye. Rafin kuwa babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Da ƙyar na samo Baba Gyang, wanda a da shanunmu ke kwana a gonarsa ta acca don taki. Ya kai ni bakin wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari, ya nuna da sanda ya ce, "Ɓaurenku yana wajen tsakiya. Gonana kuma yana bayansa." Ruwa ne kore shar, ba a san zurfinsa ba. Ƙasar da suka kwashe sun tara ta tudu guda a gefe.

Na ɗaga hannu zan yi wa Baffa addu'a, na rasa inda zan fuskanta, ruwan ko tudun. Ashe wuri ma yana mutuwa, ba a dai yi masa jana'iza. Na yi kuka, ban ɓoye wa tsohon ba.

Ki faɗa wa Inna a hankali. Ni bakina ba zai iya ba.

Naki,
Bappayo

Gombe, 2 ga Afrilu

Hamma,

Ina gaisuwa. Na fara faɗa mata, da na kai "Hamma bai gane wurin ba" sai ta yi dariya, ta ce dama kai ko cikin garke ɓata kake yi. Sauran labarin na kasa faɗa mata.

Ta ɗaure kayanta har da likkafani. Ka tarye mu a tasha ranar Juma'a. Ta ce kada ka damu, ita ba ta buƙatar ido, ƙafarta ta san hanya.

Ƙanwarka,
Asta