Ba Zan Zo Goyon Ciki Ba

Hor Al Anz, Dubai
Disamba 2008

Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Yaya yara, yaya ƙafar Inna?

Komai ya juya mana ranar da maigidana ya dawo da azahar a tasi, babu mota. Kasuwar hannun jari ta faɗi, dukiyar attajiran da yake juyawa ta narke, kotu ta riƙe fasfonsa. Ƙungiyar ƙwallon da ya saya bara, wadda na yi ta cika miki baki a kanta, yanzu mai saye ake nema.

Kada ki damu, muna lafiya. Ɗaki ɗaya muka koma, amma Haoua maƙwabciyarmu 'yar Nijar tana da kirki.

A littattafan da nake karantawa, mace kan yi magana ɗaya mijinta ya miƙe. Na gwada, Yaya. Sai ya ce, "Khalas, ya isa haka, Ni'ima, ki tafi gida ki haihu," ya juya yana kallon bango da rigar ƙungiyar a jikinsa.

Na san Inna ta tanadi itacen wankan jego. Ki ba ta haƙuri, ku sa mu a addu'a. Ba zan zo ba, a nan zan haihu.

Ƙanwarki,
Ni'imatu